Matar da Herminia Ba Ta Raɗa wa Suna Ba

Litinin, 2 ga Oktoba, da safe

Yudelka ta hana ni zuwa asibiti yau. Ta ce in zauna in huta, wai tsayuwar da nake yi a bakin gadon uwarta ba ta ƙara komai sai cika ɗaki. 'Yar da na goya ce ke gaya mini haka. Na ce to.

Na dafa kofi, ya fito kamar ruwan ɗauraye tukunya. Shekara arba'in da 'yan kai matata Herminia ke dafa mana shi, ban taɓa tambayarta cokali nawa take zubawa ba.

Tunda an ce in huta, na zauna a teburin rubutu. Sabon littafin yana nan inda na bar shi ranar Juma'ar da ciwo ya kayar da Herminia, a tsakiyar jimla. Matar da labarin yake a kanta har yanzu ba ta da suna. Duk inda sunan ya kamata ya fito, fili na bari na ja layi.

Ga abin da na sani game da ita. Ita ke dafa wa masu tsinkar kofi abinci a wata gona can saman duwatsun Polo. Ta haura hamsin, amma in an tambaye ta sai ta rage biyar. Kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka saboda ɗaukar tukunya. Daga inda take hura wuta tana hango teku, ba ta kuwa taɓa tsoma ƙafa a cikinsa ba. Wata safiya ta ɗora wake, ta goge hannu, ta kama hanya ta gangaro. A gonar babu mai kiranta da komai sai "mai abinci". Sai ta isa bakin ruwa wani masunci zai tambaye ta sunanta, a nan ne za a fara jin sa daga bakinta.

Raɗa suna kuwa ba aikina ba ne a gidan nan. Tun littafina na farko, ni nake gina mutum, in karanta wa Herminia tana tsince shinkafa, ita kuma in ta ga dama, wani lokaci bayan mako, sai ta ce, "Tsoho, wannan ai Nicanor ne," ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta taɓa kuskure ba. Ungozoma ce, rabin mutanen garinmu Barahona a hannunta suka faɗo duniya, ta ji yadda iyaye mata ke fara kiran suna tun jinjiri bai bushe ba.

Laraba, 4 ga Oktoba, da yamma

Na gan ta. Sun tsefe mata kai, abin da ba ta yarda wani ya yi mata.

Likitan matashi ne, wataƙila ma ita ta karɓi haihuwarsa. Ya faɗi wata kalma, ya maimaita, ya zana mini hoton kai a takarda. Ba zan rubuta kalmar a nan ba.

Ta dube ni da kyau, ta san ni. Ta nuna taga da hannun hagu ta ce, "Takalmi." Na buɗe tagar, ta lumshe ido. Ashe daidai na yi. Ɗaya hannun yana kwance a kan zanin gado kamar wani ya manta da shi a can.

Ba ta kira sunana ba. Ban tambaye ta ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba, da rana

Ta ci kaɗan.

Asabar, 7 ga Oktoba, da hantsi

Casimiro ya tare ni a ƙofar shagon askinsa. Tun muna yara muke tare, shi ya tsaya wa Yudelka ranar baftisma, saboda haka kompai muke kiran juna, kuma ba ya jin nauyin gaya mini komai.

"Kompai, shigo in rage maka wannan ciyawar. Ka koma kamar bunsurun da aka manta a daji. So kake matarka ta farka ta ga dodo?"

Na zauna. Bai yi mini tambayar da kowa ke yi ba, Allah ya saka masa. Sai ya ce, "Yaya matar nan taka ta kan dutse? Ta samu suna ko har yanzu ke ake ce mata?"

Na ce ba ta samu ba.

"Sa mata Milagros kowa ya huta."

"In ka jefa dutse a kasuwa kan wata Milagros zai faɗa."

"To sa mata sunan surukata. Aƙalla mai karatu zai tsane ta tun shafin farko, ka huta da bayani."

Na yi dariya, almakashi ya kusa cin kunnena. Rabon da in yi dariya tun ranar Juma'ar nan. Da na fito sai na ji kamar na ci amanar wani.

Talata, 10 ga Oktoba, da la'asar

Herminia tana da yadda take gwada suna. Ta ce hanya biyu ce: yadda uwa za ta ƙwala shi daga bakin ƙofa in yaro ya yi ɓarna, da yadda za a faɗe shi cikin kunne. Sunan da bai jure duka biyun ba, in ji ta, na takarda ne kawai.

Yau na ce bari in gwada da kaina. Na fita bayan gida wajen bishiyar mangwaro, na waiga babu kowa, na buɗe murya.

"Eufemia! Eufemiaaa!"

Bai zauna ba. Kamar malamar makaranta. Na gwada Bartola, ya yi nauyi, mace mai wannan suna ba za ta bar tukunya a wuta ba. Ina cikin ƙwala Leocadia sai ga kan maƙwabciyarmu Doña Tomasina a saman shinge, tana kiran sunana.

"Don Evaristo, lafiya? Mata uku a yini ɗaya? Bari dai ta gida ta dawo in ba ta labari, ai sai ta..."

Ta tsaya a nan. Muka tsaya muna kallon juna ta saman shinge. Can ta ce wai ta bar abu a wuta. Ba a jima ba ta aiko da farfesun kaza da doya, kwano cike. Na ci rabi a tsaye.

Ban gwada na cikin kunnen ba. Kunnen wa?

Laraba, 11 ga Oktoba, da safe

An ɗauke wuta tun jiya. Ruwan sama. Ta ci kaɗan.

Juma'a, 13 ga Oktoba, da yamma

Mun yi faɗa da Yudelka a barandar asibiti.

Matar da ke gadon kusa da na Herminia tana ɓare lemo da farce, ba ta yarda ɓawon ya tsinke, sai ta nannaɗe shi a yatsa ta shinshina kafin ta jefar. Na ga wannan na mai abincin littafina ne. Na ciro biro na rubuta a bayan takardar magani. Yudelka ta gani. Ta jira har muka fito.

"Baba, me kake rubutawa?"

"Ba komai."

"Mama na kwance ba ta iya kiran sunana, kai kana tattara wa matar ƙarya kaya?"

Na ce ta rage murya.

"Ba zan rage ba. Tun ina ƙarama haka kake. Ana cin abinci kana can, ana magana kana can. Ranar da na karye a hannu ma sai da ka tambaye ni yadda ƙarar ta yi. Mutanen da babu su sun fi mu samun ka."

Na so in gaya mata cewa in na ajiye biron nan babu abin da zai rage a hannuna sai tsoro. Ban faɗa ba. Ta share ido da bayan hannu, ta ce tana so ta tafi da uwarta babban birni, can kusa da wurin aikinta, inda akwai manyan likitoci. Na ce a tambayi likita.

Da zan hau acaɓa ta biyo ni har bakin titi. Ba ta kalle ni ba.

"Sa mini albarka, Baba."

"Allah ya yi miki albarka."

Ko a tsakiyar faɗa ba ta taɓa fasa wannan ba. Uwarta ce ta koya mata.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan an taso coci

Ban je ba. Na ji ƙararrawa daga nan.

Laraba, 18 ga Oktoba, da hantsi

Likita ya ce hanyar ta yi mata nisa. Ya ce a gida za ta fi jin daɗi. Yadda ya faɗi "jin daɗi" ban so shi ba, ya faɗa yana kallon takalminsa. Yudelka ba ta yi musu ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Mun fito da gado falo, kusa da taga, inda za ta riƙa ganin titi. Ni da Casimiro muka ɗauka, tsofaffi biyu, muna nishi muna zagin juna.

Alhamis, 19 ga Oktoba, da yamma

Ta dawo gida.

Da aka shigo da ita ta bi ɗakin da kallo, ta tsaya a kan labule. Na san abin da ta gani, na rataye shi a baibai. Na gyara.

Asabar, 21 ga Oktoba, da la'asar

Casimiro ya zo da 'yan domino mu buga wasa, ya ce ba ya son ganina ina zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Muka zauna a baranda. Na karanta masa shafukan da na rubuta cikin makonnin nan, yana ta juya ɗan domino a hannu. Da na gama ya ce:

"Kompai, in faɗi gaskiya ko in faɗi ta masu zuwa dubiya?"

"Faɗi."

"Matar nan da farko ina tsoronta. Yanzu ta zama waliyyiya. Tana ciyar da karnuka, tana yi wa yara addu'a, ba ta ko tusa. Kuma tun yaushe ta iya karɓar haihuwa? Ba mai abinci ba ce?"

Na ce a gona kowace mace tana taimakawa.

"Kai dai matarka kake rubutawa. Kuma ko ita ba haka take ba. Ka manta ranar da ta kore ni da tsintsiya saboda na zo da kai a buge?"

Na ji haushi, na ce wanzami ya tsaya a kan gashi. Ya ce to, ya tattara dominonsa, ya leƙa falo ya ce, "Doña Herminia, mijinki ya kore ni, ki tashi ki rama mini." Ya fita da sauri. Na ga yana goge fuska a bakin ƙofa.

Bayan ya tafi na sake karantawa. Gaskiyarsa ne. Tun ranar Juma'ar nan nake ta goge wa matar nan duk wani kaushi, kamar in ta zama ta kirki za a tausaya mana. Na cire shafukan. Na mayar mata da rowar gishirinta, da ƙullacin da take riƙewa shekara da shekaru, da ƙaryar shekarunta. Na bar ta ta san sarai cewa waken zai ƙone, maza za su sauko daga gona da yunwa su tarar da gawayi, kuma tana tafe tana jin daɗin hakan. Nan take ta miƙe ta fara tafiya da ƙafarta. Har na ji ƙarar silifas ɗinta a kan tsakuwa.

Litinin, 23 ga Oktoba, da yamma

Na koma karanta mata kamar da. Ba ta iya tsince shinkafa yanzu, sai na ɗora mata tiren shinkafar a cinya duk da haka, tana motsa ƙwayoyin da hannun hagu. Yudelka ta tsaya a ƙofar kicin, ta yi kamar tana goge kofi.

Na karanta inda waken ya ƙone. Gefen bakinta ɗaya ya ɗaga. Na rantse ya ɗaga.

Talata, 24 ga Oktoba, da safe

Ba ta ci ba. Ta sha ruwa.

Laraba, 25 ga Oktoba, da la'asar

Na kawo matar littafin bakin teku. Ta cire silifas ta riƙe a hannu. Masuncin yana gyaran raga, ya tambaye ta me ya sauko da ita daga dutse. Na daɗe ina neman amsar nan, na ba ta mataccen ɗa, na ba ta mugun miji, duk ta ƙi karɓa. Yau da kanta ta amsa. Ta ce, "Na zo in ga ko da gaske ne." Shi ke nan. Ban ƙara mata komai ba.

Sai ya ce, "Yaya sunanki?"

Nan na tsaya. Ba yadda za a yi in wuce layin nan da fili.

Na dubi Herminia ta ƙofa, tana barci baki a buɗe kaɗan. Ta rame. Zoben aurenta ya fara yi mata yawa, Yudelka ta naɗa masa zare.

Ba zan iya jira ba. Ba littafin nake nufi ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba, da yamma

Na zaɓa da kaina. Clotilde. Na ɗauko shi daga allon wani shagon ɗinki da na wuce a hanyar kantin magani. Yana da ƙarfi a farko, yana da taushi a ƙarshe, na ce zai yi.

Na zauna a gefen gadon, Yudelka tana shafa mata mai a ƙafa. Na karanta tun daga gangarowa. Idonta biyu, tana bina. Na zo wurin masuncin, na yi muryarsa, na ce, "Yaya sunanki?" Na ja numfashi na ce, "Clotilde."

Herminia ta ja tsaki.

Da rabin baki ta ja shi, amma ya fito cikakke, dogo, irin wanda take yi wa mai kifi in ya faɗi farashin banza. Yudelka ta saki ƙafar ta fashe da dariya, ta ce, "Baba, an kayar da kai!" Ni ma dariya nake, har takardun suka zube. Can na ga dariyar Yudelka ta juye, ta kifa kai a kan katifa.

Na ce, "To tsohuwa, ke faɗi. Wace ce?"

Ta dube ni. Ta sani. Na ga sunan a idonta kamar yadda ake ganin mutum ta bayan labule. Ta haɗa leɓe, ta buɗe, jijiyar wuyanta ta tashi. Na kai kunnena bakinta. Iska mai ɗumi kawai. Ta sake gwadawa, gumi ya tsattsafo mata a goshi, hannun hagu ya damƙe rigata.

Na ce, "Bari, bari. Gobe ma rana ce. Ba inda matar za ta, tana nan tsaye a bakin ruwa."

Ta sake ni. Ta juya fuska wajen taga.

Juma'a, 27 ga Oktoba, da rana

Barci take ta yi.

Asabar, 28 ga Oktoba, da safe

Yudelka ta kira Fada, limamin cocinmu. Ban hana ba.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Ruwan sama.

Talata, 31 ga Oktoba, da yamma

Casimiro ne ya nemo kujerun zaman makoki, ya jera su har titi. Doña Tomasina ta karɓe kicin, kofi bai yanke ba. Ni an zaunar da ni a kusurwa cikin baƙar kwat ɗin da ta yi mini yawa, kowa ya zo ya riƙe hannuna.

Ban san mutanen da yawa ba. Mata da maza, wasu da furfura, wasu da goyo. Kowa da abin da yake faɗa iri ɗaya: ita ta karɓe ni, ita ta karɓi 'ya'yana. Wata doguwa mai sayar da kifi ta durƙusa ta ce, "Don Evaristo, ni Herminia ce, sunanta aka sa mini." Bayanta wata ta zo, ita ma haka. Har wata 'yar jaririya. Duk lokacin da aka kira ɗaya daga cikinsu a tsakar gida sai na ɗaga kai.

An mayar da gadon ɗaki. Falon ya yi faɗi.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, da safe

Kofi ya yi daidai yau. Yudelka ce ta dafa. Ashe ita ta tambaya.

Laraba, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya aka yi addu'ar kwana tara, aka kwashe furanni da kyandirori. Gobe Yudelka za ta koma bakin aiki. Ta ce in bi ta, na ce sai na gama abin da ke gabana. Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da teburin, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, matar nan. Ka sa mata sunan Mama mana."

Na ce a'a.

"Don me?"

"Uwarki ba za ta bar wake ya ƙone ba. Ko duniya za ta tashi sai ta sauke tukunya tukuna. In na sa mata sunan, na yi wa su biyun ƙarya."

Ta ce, "To wane za ka sa?"

"Clotilde."

"Wanda ta ja wa tsaki?"

"Shi."

Sannan ta tashi ta sumbaci tsakiyar kaina, inda Casimiro ya ce ba sauran abin aski, ta tafi haɗa kaya.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, da la'asar

Gidan shiru. Doña Tomasina ta aiko da shinkafa da wake, na ci.

Sunan ba daidai ba ne, na sani. Na gaskiyar yana wurin wadda ta san shi, ta tafi da abinta. Matar kan dutse za ta yi haƙuri ta amsa wanda na iya ba ta, kamar yadda mutane da yawa ke yawo da sunan da bai dace da su ba, har su tsufa a cikinsa.

Na koma shafin farko na fara cike filayen da biro. Duk inda na rubuta Clotilde sai na ji tsakin nan daga wajen taga, dogo, da rabin baki.

Filayen suna da yawa. A hankali nake yi, don kada su ƙare da wuri.